Abin da Nomau Ya Kasa Rabawa

A wani ƙauye da ke bakin fadama an yi wani manomi, Malam Barau, da matarsa Iya Tabawa da 'ya'yansu maza uku: Arzika, Jatau, sai autansu Nomau. Nomau har gemu ya fara fito masa, amma yadda magana ta shiga kunnensa haka yake aikata ta, ba ƙari ba ragi.

Wata rana Iya ta miƙa masa goro goma ta ce, "Auta, raba mini gida biyu." Ya sa takalmi ya fita, ya kai biyar gidan liman, biyar gidan maƙeri. Da ya dawo ya ce, "Iya, duka gidajen sun ce a gode miki." Ran nan baƙin da ake jira ruwa kawai suka sha.

Wata rana kuma Jatau ya tsinto ƙwan zabi goma sha biyu a gona. Ya ce, "Raba su huɗu, mu da Baba." Nomau ya ɗauko wuƙa, ya bi ɗanyen ƙwan ɗaya bayan ɗaya yana son fitar da huɗu daga kowanne. Jatau ya tarar da shi hannu duk gwaiduwa.

"Yaya, ba sa tsayawa a yanka su."

Ana nan, bayan kaka, Allah ya yi wa Malam Barau rasuwa. Tun ba a naɗe tabarmin zaman makoki ba, Arzika da Jatau suka daina gaisawa saboda gado. Ba su ma jira malamin da zai raba ba.

Wata rana da hantsi Arzika ya daka tsawa: "Nomau! Duk abin da ke gidan nan a raba shi uku, kowa ya kama gabansa!"

Nomau ya fara. Awaki goma sha biyu, huɗu-huɗu. Dawa dami ashirin da ɗaya, bakwai-bakwai. Ɗakuna uku, ɗaya-ɗaya. Yayyen suka gyaɗa kai, yau dai auta bai yi ɓarna ba.

Sai ya kwance igiyar guga, ya nufi Iya da ke zaune a bakin ƙofa cikin takaba. Ya durƙusa ya auna ta daga ka zuwa ƙafa, ya ninka igiyar uku, ya tsaya yana dubawa.

"Kai, me kake yi?" in ji Jatau.

"Iya ma a gidan take, Yaya. Ita ɗaya ce, mu uku. Na rasa ta inda zan fara." Idonsa ya ciko. "Kuma ɗakinta ya faɗa rabon Yaya Arzika. A ina zan ajiye ta kafin in gama?"

Iya ta ja mayafi ta rufe fuska.

Arzika ya sunkuyar da kai. Can ya karɓi igiyar daga hannun Nomau, ya ce da Jatau, "Mai da awakin nan garke ɗaya. Zo mu ba Iya haƙuri."