Bangon da 'Yan Tsere Suke Ratsawa

Wani ne yake aiki a kamfanin da ke ƙera wasannin kwamfuta. Shekara uku yana gina wasa ɗaya, ɗaki arba'in a jere, dodo a can ƙurya. Har cika baki yake yi, wai duk gwanintar mutum sai ya yi wata guda kafin ya ga ƙeyar dodon.

Kwana biyu da fitar wasan ogansa ya kira shi, ya juyo masa da kwamfuta. Ashe akwai wasu 'yan tsere da ba ruwansu da daɗin wasa, su dai a ga wa zai riga gamawa. Sun gano in ka jingina da bangon farko ka yi tsalle da baya sau uku, sai ka ratsa, ka faɗo gaban dodo. Minti tara!

Ya ce, "Oga, wannan ai sata ce!"

Oga ya ce, "Aikinka ne dai. Je ka toshe."

Ya je ya ƙara wa bangon kauri. Washegari suka haura ta saman bangon, minti shida. Ya ƙara masa tsawo, suka nutse ta ƙarƙashi, minti huɗu. Har saƙon godiya suka turo masa, suna tambayar yaushe zai sake gyara.

Ya koma gida kai ya yi zafi, ya tarar da matarsa riƙe da waya. Ta ce, "Baban yara, wannan ne abin da ya hana ka zama da mu shekara uku? Na ɗora ruwan shayi, kafin ya tafasa na kashe dodon naka."

Da safe oga ya ce, "Na ba ka zuwa Litinin. Aka ƙara ratsa bango ko ɗaya, ka tattara naka ya naka."

Ran Litinin mutumin naka ya shigo yana taku ɗai-ɗai. Aka taru, oga ya danna maɓalli. Fili fetal! Ba ɗaki, ba ƙofa. Jarumin wasan yana buɗe ido ya ga dodo tsaye a gefensa, suna kallon juna. Bugu ɗaya, wasa ya ƙare. Daƙiƙa bakwai.

Oga ya dafe kai ya ce, "Kai! Me ka yi mana haka?"

Ya gyara tsayuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, nuna min bango ɗaya da aka ratsa."