Fritjof Ya Rasu, Saura Biskit Iri Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kicin mai cike da warin ƙonanniyar waya, Halvard Myrmo na gidan ƙarshe a hanyar Furulia yana sanar da dangi, maƙwabta da duk masu tsayawa karanta allon kantin ƙauye rasuwar amininsa kuma janaretonsa, Fritjof. Rai ya yi masa halinsa yau Litinin, ashirin da biyu ga Disamba, da ƙarfe biyu da kwata na rana, a ɗakin ajiye itace, yana tsaka da aiki. Shekarunsa goma sha tara. Da fetur a cikinsa ya tafi, kada wani ya je ya ce yunwa ce.

Marigayin ya shigo gidan nan jajir da shi, a shekarar da dusar ƙanƙara ta karya itatuwa ta kwantar da wayoyin kwarin har kwana tara. Uwargida Gunnvor ce ta raɗa masa suna, don tun ranar farko ta lura sai ya yi tari uku kafin ya buɗe baki, kamar dai kawunta Fritjof, in kuma ya fara, ba mai sake jin maganar kowa. Tuf. Tuf. Tuf. Sannan durrrr, har sai kofuna sun yi rawa a kan kanta.

Duk wanda ya zauna da shi zai shaide shi da haƙuri. Wata goma sha ɗaya yake yi a ƙarƙashin tamfal ba a ko leƙa shi, amma da wuta ta ɗauke a jajibirin Kirsimeti, a ja igiyarsa sau biyar, a zage shi sau ɗaya, sai ya tashi ba tare da ya riƙe kowa a rai ba. Sau huɗu yana ceton haƙarƙarin ragon biki daga zama ɗanye. Fasto ma ya taɓa tako ƙanƙara har gwiwa da sunan ziyara, da wayarsa a aljihu da abin cajinta. Bai taɓa tashi ga baƙon hannu ba. Surukin gidan ya taɓa jan igiyar nan har kafaɗarsa ta goce, marigayin ko uffan. Ba a ɓoye cewa yana da shaye-shaye, kuma yana da surutu, amma a kwarin nan wa zai fara jifa?

A bazarar bana Gunnvor ta riga mu gidan gaskiya. Tun daga nan 'yarsu Turid take neman ɗauke mahaifinta zuwa birnin Trondheim, inda ta samo masa ɗaki a hawa na huɗu, taga tana kallon wajen ajiye motoci. Da kaka ta kafa masa sharaɗi a waya.

"Baba, ni fa ba rigima nake so ba. Zan zo Kirsimeti. In na tarar da gidan a duhu, ko tebur ba kamar yadda Mama take shirya shi ba, to ka fara naɗe safarka."

"Duhu kuma? Ga Fritjof?"

"Biskit ɗin fa? Iri bakwai kamar yadda Mama ta saba, Baba. Kai da ko ƙwai sai ka tambayi minti nawa."

"Ke dai zo da cikinki."

Haka Halvard, mai shekara saba'in da huɗu, ya ɗaura ƙyallen girkin matarsa ya buɗe littafinta na girki, wanda man shanu ya manne rabin shafukansa. Mako uku yana fama. Ya zubar da ƙullu da yawa, tsuntsayen bayan gida sun yi ƙiba, amma zuwa jiya Lahadi gwangwani bakwai ne jere a ɗakin ajiya, kowanne da takardar sunansa. Da rana wuta ta ɗauke, kamar yadda ta saba. Fritjof ya yi tarinsa uku ya kama aiki, Halvard kuma ya zauna a ƙarƙashin fitila yana jin kansa kamar wanda ya ci zaɓe.

Gajeriyar jinyar marigayin ta fara ne da safiyar yau, lokacin da maƙwabciya Borghild ta shigo aron ashana. Ba ashana ce ta kawo ta ba, kowa ya sani. Ta wuce ɗakin ajiya, ta buɗe gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya, ta sansana, ta gutsura, sannan ta juyo da fuskar mai duba makaranta.

"Shida."

"Bakwai dai. Sa tabaranki."

"Kai Halvard, mene ne wannan?"

"Biskit ɗin citta, mai siffar mutum."

"Wannan fa?"

"Mai siffar zuciya."

"Ƙullu ɗaya, iri ɗaya. Ko giwa ka yanka da shi, na citta ne. Gunnvor da tana nan da muciya za ta bi ka. Ina krumkake?"

Babu krumkake. Shi ne siririn nan da ake gasawa a ƙarfe mai baki biyu a naɗe shi da zafinsa kamar mazurari, kuma da gangan Halvard ya tsallake shafinsa, don yatsunsa ba na naɗi ba ne. Ya ce a kai maganar gaban mutane. Borghild ta ce a kai ta har majalisar ƙasa, shida dai shida ne, ta ɗauki ashanarta ta fita.

Motar da za ta kawo Turid gobe za ta iso. A nan ne mai makoki ya aikata abin da zai daɗe yana cizon yatsa a kansa. Ya jona injin kaɗa ƙullu. Ya jona ƙarfen gasa krumkake. Ya kunna tanderu, wai ko krumkake ya ƙi sai ya koma wani irin. Fitilar tauraro ta taga da fitilun bishiyar tsakar gida kuwa bai kashe su ba, don Gunnvor ba ta taɓa kashe su a Disamba ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Daga ɗakin itace muryar marigayin ta sauya, durrr ta koma gurrr, gurrr, irin ta dattijon da ke hawan tudu da buhu. Fitilu suka yi ja. Duk da haka ya daure, har aka gasa guda biyu, ɗaya ya karye, ɗaya ya manne.

Sai Halvard ya ga rana ta yi nisa bai sha kofi ba. Ya danna tukunyar lantarki.

Kalaman marigayin na ƙarshe su ne: gur, gur, kaf. Bayansu hayaƙi mai shuɗi ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa.

An kira Eilif makanike, ya zo a kan tarakta. Ya durƙusa, ya kwance fulogi, ya kara hanci, ya miƙe ya cire hularsa.

"Me ka ɗora masa?"

"'Yan abubuwa."

"'Yan abubuwa! Wannan ai ko tashar jirgin ƙasa ka jona masa iyakar abin ke nan. Ba gyara yake so ba, Halvard, rakiya yake so. Kofin ya dahu dai?"

Bai dahu ba.

Marigayin ya bar jarkar fetur biyu, ɗaya cike ɗaya rabi, da igiyar tayarwa wadda har yanzu ba a iya gaya mata ba. Ya bar ƙaninsa, wato injin kwashe ƙanƙara, wanda shi ma ba lafiya ce ta ishe shi ba. Ya bar wayar jona mai baki huɗu, wadda ke wurin lokacin da abin ya faru kuma ta ƙi cewa komai. Akwai kuma fitilar kananzir da ya raba da aikinta shekara goma sha tara da suka wuce, ta sauko daga saman rufi yau da yamma, an ga kamar tana murmushi. Ya bar kwano guda na ƙullu. Ya bar Halvard, wanda ya zauna a kan kututture kusa da gawar har yatsunsa suka daina ji, kuma ba kunya ya ce tsoro yake ji. Ba ya son hawa na huɗu. A gidan nan ya san inda kowace ƙusa take, ya san kujerar da ba a zama a kanta, kuma a cikin shekara ɗaya ya rasa muryoyi biyun da suke cika masa shi.

Masu gyaran waya sun ce wuta sai bayan biki.

Za a yi jana'iza gobe Talata da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a ɗakin itace. Daga nan Eilif zai ɗauki gawar a tarakta zuwa wajen tara tsofaffin ƙarafa, ta bayan coci, ba ta gaban tashar mota ba. Ana roƙon jama'a su kiyaye lokaci, su kuma watse kafin ƙarfe huɗu, don motar Trondheim ba ta latti. Ba wanda zai fita bai ci komai ba, don a al'adar kwarin nan mai fita baki wayam yana tafiya da Kirsimetin gidan, sai dai na citta kawai za a raba, tunda an ce ya yi yawa.

Iyalan ba sa buƙatar furanni. Duk mai janareton da zai iya kwana uku a gidan wani bai yi tsegumi ba, ya kawo shi a kan tarakta, akwai tamfal. Ba a sanar da Turid wannan rashi ba, kuma wanda ya ga ya dace ya yi mata ta'aziyya, ya tuna Halvard ma ya san wanda ya karya shingen fasto.

A ƙarshe, akwai gwangwani guda wanke a bakin ƙofar baya, da takardar sunan krumkake a jikinsa da rubutun mai gidan. Ba a ambaci sunan kowa ba, amma an san maƙwabciyar da ta gama iri tara tun Nuwamba. In Allah Ya taɓa zuciyarta, ana roƙon ta zaɓo karkatattu, ta ɗan ƙona gefensu a kan murhu kafin ta zuba. Turid ta san hannun ubanta.