Tukunyar da Na Ƙi Kifawa a Kai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da girman kai ya shanye mana romon kifi ba. Ni tela ne a Alkalawa, allura da zare na sani. Amma da matata Hapsatu ta ce za ta je sayen tukunyar ƙarfe ta zubi, baƙa mai nauyin nan, saboda Yapendo, ƙanwar mahaifiyarta da ta riƙe ta, za ta fara cin abinci a gidanmu, sai na ce ta zauna, zaɓen ƙarfe aikin maza ne. (Ko shayi ban iya dafawa ba.)

Na je kasuwar Jimeta cikin farar shadda mai sitati. Na nuna wadda ta fi sheƙi. Tsohon mai tukwanen ya ce, "Malam, kifa ta a kanka ka fuskanci rana. In ka ga haske ya shigo, ajiye ta. Zubi ba ya rasa huji."

Na waiga, ga wata mata da nake yi wa ɗinki tana tayin tabarma. Ni, da hulata, in rufe kai da tukunya a gabanta? Na ƙwanƙwasa gindin da yatsa, na kasa kunne kamar wani gwani, na ce, "Baba, mu da kunne muke ganewa."

"To, Allah ya ƙara wa kunne lafiya," in ji shi.

Na biya na ɗauko tukunyar, na iso gida baƙi har sun zauna. Hapsatu ta ɗauraye ta a gurguje, ta ce, "Baban Ummi, ka leƙa ta?" Na ce na leƙa. Allah ya yafe mini wannan.

Aka ɗora farfesun giwan ruwa a kan gawayi, ni kuma na zauna a inuwa ina yi wa Yapendo da 'ya'yanta lacca: wannan tukunya har jikoki sai sun gaje ta. Ina cikin zuba sai muka ji cuuu. Toka ta tashi, wuta ta mutu, romo ya bi ƙasa ya nufo tabarmarmu. Kifin kuwa ko rabin nuna bai yi ba.

Yapendo ta sa aka juye kifin a roba, ta kama kunnuwan tukunyar da tsumma, ta ɗaga ta wajen rana ta ƙidaya hujin. "Biyar. Hapsatu, ashe dambu mijinki ya so mu ci, ga madambaci ya sayo." Ta dube ni. "Ɗana, ka leƙa ta kuwa?"

Hapsatu ta buɗe baki za ta rufa mini asiri, na riga ta. "Ban leƙa ba, Yapendo. Kunya na ji."

"Yanzu fa?"

Na tashi neman wata tukunyar. Maƙwabta suka ara mana tukunya, aka ci abincin rana bayan la'asar, Hapsatu kuwa ta kwana biyu tana gaishe ni a taƙaice.

Abin da na koya: kunyar kasuwa da an tashi ta watse, ta surukai kuwa duk Sallah sai an ɗumama maka ita.