Yadda Ake Zaɓen Kayan Ordinater da Idon Mai Raguna

Ordinater, wato kwamfutar da ƙanena Sharif ya haɗa wa ɗiyarsa Afra'u, ba ta taɓa tashi ba. Fitilu suna ci, fankoki suna juyawa, allon kallo kuwa baƙi ƙirin har yau.

Ga yadda aka yi. Afra'u ta gama karatun rubuta furogiram, wato umarnin da ake tsara wa waya da kwamfuta su yi aiki. Wani kamfani a Yamai ya ɗauke ta da sharaɗi: in ta haɗa inji mai ƙarfi cikin mako biyu, ta yi aikinta daga nan Dogon Dutsi, in ba haka ba, ta taho biro, wato ofishinsu. Sharif, mai kiwon raguna, ya rantse wa uwarta Zalihatu cewa yarinya ba ta barin gida. Har ɗaki ya shafe mata da suminti, ya fasa taga.

Ni na raka shi sayayya, komai a idona aka yi. To kai mai son irin nasa, bi matakan nan. Na ba ka tabbaci, inda ya isa nan za ka isa, ba fashi.

Mataki na 1: Karɓi takarda, ka ninke ta huɗu

Ɗiyarka za ta rubuta maka sunan kowane kaya da lambarsa. Karɓa da fara'a, ka tura cikin hula.

"Baba, don Allah abin da ke rubuce kaɗai," in ji Afra'u. "In ka canza guda, sauran ba su yarda da shi. Ko dai mu tafi tare?"

"Ki tafi ina? 'Yan kasuwar Yamai su hangi gilashin idonki su ninka farashi? Shekara talatin ina sayen abu mai rai. Marar rai ne zai gagare ni?"

Ka riƙe wannan amsa. Mutumin da ya iya gane rago mai mura daga nesa ba ya bukatar lamba.

Mataki na 2: Ɗaga ka ji nauyi

Farkon abin da ke takardar shi ne rumbun da ake ajiye aiki a ciki. Mai shago ya miƙo wa Sharif wani ɗan siriri kamar cingam, ya ce wannan ne mai sauri. Sharif ya ɗora shi a tafin hannu, ya dube ni.

"Yaya, kana jin wani abu?"

"Ban ji ba."

"Ni ma haka. Malam, kawo mai nama."

Aka ciro masa wani tsohon yayi daga ƙasan kanta, mai nauyin bulo. Ya jinjina shi, ya ƙwanƙwasa, ya kara a kunne. Da abin yana da baki, da ya duba haƙora. Kai ma haka za ka yi. Abin da iska za ta iya ɗauka ba ya riƙe aikin mutum.

Mataki na 3: Kada ka sayi abu biyu a shago ɗaya

Nan ne gwanintar take. Akwai faffaɗan allo da komai ke hawa kansa, suna ce masa kart-mer. Akwai kuma furosesa, ƙwaƙwalwar injin, wadda ke zama cikin wani gurbi a jikin allon. Takarda ta ce a saye su tare, 'yan gida ɗaya.

Sharif bai taɓa cika garke a kasuwa ɗaya ba. Balami daga Dumega, uda daga Tibiri, ya zuba su turke guda, kwana biyu sun saba, suna cin dusa a kwano ɗaya. Don haka ya sayi allo a nan, ya tsallaka titi ya sayi furosesa a can.

Mai shago na biyu ya tambaye shi, "Alhaji, wane irin kart-mer gare ka?"

"Ina ruwanka da abin da ke buhuna? Za su saba."

In mai shago ya yi maka tambaya, so yake ya san zurfin aljihunka. Kada ka amsa.

Mataki na 4: Abin da baƙo ba ya gani, rage shi

Afra'u ta ja layi biyu a ƙarƙashin wani abu wai shi ram, giga talatin da biyu. Ta ce shi ne faɗin tabarmar da inji ke baza aiki a kai. Sharif ya ce yarinya guda, tabarmar mutum talatin? Takwas ta isa.

Ondiler, akwatin da ke riƙe wuta in kuran, wato lantarki, ya ɗauke, shi ma ya soke shi. Ya ce kuran in ya tafi ai dawowa yake.

Abin da ya rage sai ka zuba shi inda ido ke gani. Sharif ya zaɓi akwati mai bangon gilashi, da fitilu ja da kore kamar motar amarya. Ya ƙara da wani ƙaton kati na masu wasan gem, mai fanka uku. Mai shago ya ce aikin rubutu ba ya bukatarsa. Wani da ke tsaye kusa ya ce, "Ka san zafin Dutsi kuwa? Fanka uku ma kaɗan ne." Ba sai na faɗi ko wane ne ba.

Mataki na 5: In ta kira, rezon waya ba kyau

Za ta kira. Afra'u ta kira sau shida.

"Baba, ɗauki hoton kwalayen ka turo mani kafin ku baro kasuwa."

"Alo? Alo? Ba na jin ki, ɗiyata!"

Yana faɗa yana nesanta wayar da bakinsa. Ka koyi wannan, yana da amfani ko ba a sayen ordinater ba.

Mataki na 6: In bai shiga ba, danna

Muka iso gida da hantsi, aka baje kwalaye a sabon ɗaki. Afra'u ta karanta na farko, ta karanta na biyu, ta cire gilashi ta goge, ta sake karantawa.

"Baba, ina takardata?"

Ya taɓa hula. "Tana nan lafiya lau."

Ba ta yi kuka ba, yarinyar akwai hankali. Ta ce sauran za ta lallaɓa da su, amma allo da furosesa ba sa haɗuwa ko za a shekara. Ta fita tsakar gida ta kira mai shago na biyu, ta yi ta roƙo da Faransanci, har ya yarda a aiko da furosesar a mota ya canza, muddin ba a buɗe kwalin ba.

Wannan shi ne lokacinka. Kada ka jira ta gama waya.

Sharif ya yage kwali, ya ɗora furosesa a gurbi. Ta ƙi zama. Ya juya ta, ta ƙi. Ya ce shi ya san irin wannan, ba ragon da ke shiga mota da son ransa. Ya sa babban yatsa ya danna. Muka ji ƙas, ƙaramar ƙara, kamar an taka busasshen wake.

"Ta shiga," in ji shi.

Afra'u ta shigo da murna tana cewa an dace. Ta ga kwali a ƙasa. Ta leƙa gurbin, ta ga 'yan siraran ƙarafan ciki sun kwanta kamar geron da shanu suka bi ta kai. Allo ya tafi, furosesa ta tafi.

Mataki na 7: Kunna, ka kira mutane

Duk da haka ka jona wuta. Sharif ya jona, fitilu suka kama, fankoki suka ɗauka. Maƙwabta suka cika ƙofa suna Masha Allahu.

Zalihatu ta leƙo. "Malam, ina aikin yake fitowa?"

"Tana ɗumi tukuna."

"To. In ta gama ɗumin, ka tambaye ta ko ta san hanyar tasha."

Ya ɗora laifi kan kuran, ya ɗora kan ramukan hanya, ya ɗora kan mai shago. A kwana na uku ya ciro takardar daga hula, ya miƙa wa ɗiyarsa ya ce ta karanta masa a hankali. Amma ragunan da zai sayar ya sake sayayya ya riga ya sayar da su tun sayayyar farko, wa'adi kuma saura kwana biyu.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan, shi ya jiyo. Ni ban san ordinater ba, ban ce na sani ba. Rakiya na yi, buhu na riƙe. Maganar fanka uku kuwa, kasuwa ce, kowa yana magana.

Ranar Lahadi Sharif da kansa ya ɗauki jakar Afra'u a ka har tasha, ya tsaya har motar Yamai ta ɓace. Yanzu ya haddace takardar kaf, in ka tare shi a hanya zai karanta maka ita har da lambobin. Zalihatu tana zuba tuwon mutum biyu. Ɗakin da ya shafe da suminti, ya fasa wa taga, dusa yake ajiyewa a ciki.