Ranar da Na Tuƙa wa Baƙi Tuwo

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tuƙa wa baƙi tuwo a gidanmu na Moshi Zango. (Na ce "na tuƙa" ne don in rufa wa kaina asiri. Ku dai saurara.)

Matasan unguwarmu ne suka ɓullo da wani tsari. Da can masu yawon buɗe ido sai dai su wuce ta bakin titi cikin mota mai sanyi, su ɗauke mu hoto ta gilashi, ko ruwan leda ba su saya ba. Yanzu kuwa 'yan kaɗan ake kawowa, a ƙafa. Su tsaya wurin dukawa su sayi takalmi, su leƙa masu ɗinkin hula, sannan su ci abincin rana a gidan mutane. Abin da suka kashe a unguwa yake kwana, har kwatar layinmu da shi aka yashe.

To, Mma Adiza, yayar mahaifiyata da ta raine ni, ta yi shekara da shekaru tana kai tuwo da miyar ayoyo, wato lalo, unguwar Suame tana sayar wa makanikai. Gwiwoyinta sun gaji, mota ma sai an tallafa mata take hawa. Sai Awudu, shugaban matasan, ya zo ya ce za a gwada gidanmu. In baƙi sun yaba, za a riƙa kawo su, Mma ta huta da hanyar Suame.

Wayyo daɗi! Ni a raina har na hango hotona yana zaga duniya. Na je aka manna mini farce, na aro takalmi mai tsini, ɗaurin kaina kuwa sai da na sunkuya kafin na fita ƙofar ɗaki. Mma ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke kuma bikin wa ake yi?"

Baƙi suka iso, aka shimfiɗa musu tabarma. A cikinsu akwai wata dattijuwa mai furfura, tambaya kamar 'yar jarida. Ta nuna tukunyar da ke kan wuta ta ce wa ke dafa wannan? Kafin Mma ta buɗe baki, ni uwar rawar kai na daki ƙirji na ce, "Ni ce!" (Ni da ruwan shayi ma sai ya ƙone a hannuna.)

Mma ba ta tona ni ba. Miƙo mini muciya kawai ta yi ta ce, "Bismilla, 'yata."

In ba ku sani ba, babbar tukunyar tuwo ana saƙala mata ƙarafa biyu a kunnuwa, mai tuƙi ta take su da ƙafa don kada ta motsa. Na zauna a kujera 'yar tsugunno, na ɗora tsinin takalmina a kan ƙarafan, na juya sau ɗaya. Baƙi suka yi tafi! Kaina ya kumbura. Na saki hannu guda ina ɗaga wa masu hoto, sai tuwon ya yi tsartuwa ya sauka a kan ƙafata. Na ƙwalla ƙara, na ɗage ƙafafu duka biyun, na fizgi muciya da iya ƙarfina. Muciya ta zare, ni kuma na tafi da baya, rigijib! Ƙafafu a sama, ɗauri ya gangara cikin bahon wanke-wanke, takalmi ɗaya ya tsallake katanga ya faɗa gidan maƙwabta.

Tukunya ta karkace za ta kife. Wallahi ban san gwiwar Mma na da sauran gudu ba sai ranar. Tsalle ɗaya ta yi ta take ƙarafan.

Ina kwance ina kallon sama, kunya ta rufe ni, amma tsoro ya fi kunyar yawa. Na ce shi ke nan, na kashe wa Mma kasuwa, za ta koma jan ƙafa zuwa Suame saboda iyayina. Hawaye suka cika mini ido.

Sai dattijuwar nan ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ta tuɓe takalminta, ta matso kusa da Mma, ta roƙi a koya mata. Mma ta zaunar da ita, ta gyara mata ƙafa, ta kama hannunta suna tuƙi tare. Daga nan kowa ya ce shi ma sai ya gwada. Suka ci tuwo har da suɗe hannu, ni kuwa na sulale ɗaki na ƙi fitowa.

An ɗauki gidanmu, har aka ƙara koyon tuƙi a cikin ziyarar. Yanzu maƙwabta biyu ke taya Mma aiki, mai gawayi da mai ayoyo ma suna sa mata albarka.

Na dai koyi cewa in baƙo ya zo ganin gwani, sai ki matsa gefe ki ba gwanin wuri. Amma labari ya riga ya tafi. Kwanan baya wasu sababbin baƙi suka shigo, Awudu na danne dariya ya ce, "Mma, suna tambaya wai yaushe ake nuna faɗuwar?"

Mma ta nuna ni da muciya ta ce, "Ga mai ita nan. Su ci abinci tukuna."