Jinin da Ke Kashe Sauro

"Ni? Riga-kafi? Jinina ko sauro ya sha sai an yi masa jana'iza!"

Wannan cika-bakin Ƙarfen Jirgi ne, shugaban masu gadin ma'aikatarmu, ƙato mai wuya kamar turmi. Gwamnati ce ta kafa doka: duk ma'aikacin da bai yi allurar annoba ba, kada ya ƙetare ƙofa, sai fa wanda ya taɓa kamuwa ya warke, jikinsa ya yi wa kansa garkuwa. To ka ji abin takaici, abokina: shi ke tare mutane a ƙofar, shi ne kuma bai yi ba. Ko ya kawo hujja, ko ya ajiye makullai.

"Annobar nan a jikina ta kwana," in ji shi, yana dukan ƙirji. "Da safe ta ba ni haƙuri ta kama gabanta."

Ya jawo matarsa har ɗakin shan magani don ta yi shaida.

"Uwargida, faɗa wa malama nas irin jinyar da na sha bara."

"Wacce? Ta haƙori, ko ta ranar da ka cinye abincin baƙi?"

"Ke! Wa ya tambaye ki wannan?"

Nas ta ce, "Baba, mu ba ma aiki da baki. Jini za mu ɗiba mu auna. In garkuwar na nan, an ɗauke maka."

"Ɗiba... da me?"

Ta yage leda ta zaro sirinji. Wallahi don girma, allurar riga-kafi jikar sirinjin nan ce! Ga shi ja da baya ba hali, don direbobi da masu shara sun cika taga, sun zo ganin jinin da ke kashe sauro.

Ya miƙa hannu. Jijiya ta ɓuya cikin kitse. A soka nan, babu. A soka can, babu. Aka koma ɗaya hannun. Jinin na fara hawa sirinji gogan ya leƙa, ya ce "Wayyo Inna!", ya sulale ƙasa, ya tafi da labule da kwanon auduga.

Ya farfaɗo ana yi masa fifita da hularsa ta aiki, sakamako ya fito.

"Baba, ko ɓurɓushin garkuwa babu."

"Ƙarya ne! A sake awo!"

"To miƙo hannu."

"A'a, a'a, ai na'ura ba ta ƙarya. Yi mini riga-kafin kawai."

Ya runtse ido, ya damƙe zanin matarsa, ya shiga wasiyya yana hawaye: babur na ƙaninsa ne, rediyo na babban ɗansa.

"Malama, in za ki soka ki faɗa mini."

"Ai na gama tun kana rabon babur."

Taga ta kece da dariya. Matarsa ta ƙwace zaninta, ta nuna kwalbar da ke kan tebur.

"Malama, a taimaka a ba shi alawar nan da kuke ba yara."

Nas ta rufe kwalbar ta ce, "Yi haƙuri, Uwargida. Ta waɗanda ba su yi kuka ba ce."