Mai Share wa Hajiya Hanya

Idan ana lissafin manyan mutane a ma'aikatar kashe gobara, sai a fara da Kwamanda, a huta, a sha ruwa, sannan a tuna da sauran. Ba gwamnati ce ta ba shi sunan ba. Shi ya raɗa wa kansa ranar da ya dawo daga kwas na kwana biyar, takardar shaidarsa tana cikin gilashi tun kafin ya iso gida. A gida kuwa Auta ake ce masa. Yayarsa tela, wadda ta goya shi har ya sha jiƙa mata baya, ta ce ko janar ya zama, Auta ne.

Kwas ɗin na koyon tuƙa wata na'ura ce da aka kawo musu. Girmanta kamar firji a kwance, tana tafiya a kan sarƙa irin ta tankar yaƙi, da hannu guda mai damƙa kamar filaya, da kyamara a goshi. Mutum yana can nesa da rimot mai allo, ita kuma ta shiga inda wuta ke ci ko inda gini ke shirin ruftawa. An yi ta ne don kada ɗan adam ya kai kansa inda zai mutu.

Mutum biyu aka tura kwas ɗin: Kwamanda, da wata shiru-shiru mai amsa kira a ofis, ana ce mata 'Yar Waya. Shugaban ma'aikatar ya miƙa wa Kwamanda rimot, ya ce ranar aiki na farko za a san ko zai zauna a hannunsa. Kafin nan, ya kula da na'urar kamar idonsa.

Tun da aka kafa ma'aikatar ba a taɓa bin umarni irin wannan bi ba.

Ledar da rimot ya zo da ita bai cire ba, ya ma ƙara wata ya liƙe. Safe da yamma yana goge na'urar da farin tawul. Ya sa yayarsa ta ɗinka mata riga mai zif, da 'yar taga saitin kyamara. Ranar atisaye a kan siminti kawai yake tuƙa ta, in ya ga ruwa a gaba ya shimfiɗa kwali. Abokan aiki suka sa mata suna Hajiya, tunda ba ta shiga rana, ba ta taka ƙasa.

"Ku masu riƙe tiyo aikin ƙarfi kuke yi," in ji shi. "Ni aikin yatsa nake yi. Wannan babban yatsan da kuke gani, dukiyar ƙasa ce."

Saboda dukiyar ƙasa ya daina wanke kwanon da ya ci abinci, wai sabulu na kashe kaifin yatsa. In za ku gaisa, yatsu huɗu yake miƙo maka, na biyar yana hutu.

Wata rana ya shiga shagon yayarsa, ya tsaya gaban madubin masu gwada kaya, ya gyara bel.

"Yaya, tarihi zai rubuta sunana tare da na wannan na'ura. Ki tanadi wuri a bangon nan."

Ta sauke kalanda, ta bar masa ƙusa. Ta yi dariya har allura ta soke ta, amma duk wanda ya kawo ɗinki a makon nan sai da ya ji cewa ƙaninta ne ke tuƙa abin.

Ranar ta zo wata Talata da hantsi. Wani sito na fenti da katako ya kama wuta, layi biyu da shagon yayar. An kashe wutar, amma rabin rufin yana reto, kuma mai sito ya ce akwai tukunyar gas biyu a ciki, sun sha zafi. Shugaba ya ja igiya, ya mayar da kowa baya. Yayar ta iso da gudu, tef ɗin awo a wuya.

"Kwamanda, ga ranarka," in ji shugaba. "Hajiya ta shiga ta jawo tukwanen nan."

Kwamanda ya zuge zif, ya cire wa Hajiya riga, ya ninke ta gida huɗu. Ya miƙe yatsa, ya lanƙwasa, ya duba ko jama'a sun gani. Ya tuƙa ta har bakin ƙofar sito, tafiya mai kyau, kamar a kan layi. Sai ya kalli allo. Ƙusoshi. Fasasshen gilashi. Baƙin ruwa da fenti sun cakuɗe. Ya tsayar da ita cak. Wata uku yana goge ta, ko ƙuda bai bari ya sauka a kanta ba.

"Ranka ya daɗe, ba a shigar da kaya mai daraja cikin irin wannan ƙazanta."

Kafin shugaba ya gane inda maganar ta dosa, Kwamanda ya ɗora rimot a kan ninkakkiyar riga, ya sure tsintsiyar maƙwabta, ya sunkuya ta ƙarƙashin igiya. Ya wuce gaban na'urar da aka yi don ta wuce gabansa, ya kama shara. Shugaba yana kira, shi yana ture ƙusa da takalmi. Gaskiya sai a faɗa, taku biyar ɗin da ya share sun yi fes.

A taku na shida wata kantar ƙarfe ta gaji da tsayuwa, ta kwanto masa a ƙafafu. Ya kife cikin shuɗin fenti. Bai karye ba, amma motsi ya gagara. Tukwanen gas suna dab da hancinsa, rufi yana ƙara a samansa. Ba wanda zai iya shiga. Mata biyu ne suka riƙe yayarsa a bakin igiya.

'Yar Waya, wadda ta biyo su daga ofis, ta matso. Ta ɗauki rimot, ta ji yatsa yana zamewa a kan leda, ta sa haƙori ta yage ta. Daga baya Kwamanda ya ce tun daga ciki ya ji ƙarar yagar nan, kuma ta fi kantar yi masa ciwo.

Hajiya ta shiga. Ta bi ta kan ƙusa, ta bi ta kan gilashi, ta yi wanka da fenti. Ta ɗaga kantar ta jingine gefe, ta damƙi bel ɗin Kwamanda ta baya, ta jawo shi waje kamar buhu. Ana jansa a ƙasa yana ba da umarni.

"A hankali da ita. Ki bi gefen da na share, za ki kankare mata fenti."

Ta ajiye shi a ƙafar yayarsa, ta koma sau biyu ta fito da tukwanen. Ta fito baƙa ƙirin, duk jikinta ƙarzuna, kuma lafiyarta ƙalau. Yayar ta laluba shi daga kai har ƙafa, ta ga komai yana nan har da dukiyar ƙasa. Ta murɗe masa kunne, sannan ta rungume shi da fentin da komai, tana kuka tana dariya.

Washegari rimot ya koma hannun 'Yar Waya. Shi ma ba a bar shi haka ba, shugaba ya damƙa masa bokiti da tawul a gaban kowa, ya ce a harkar goge-goge babu na biyunsa. Kwamanda ya karɓa da hannu biyu, ya ce dama ya san sai an ware masa sashe na musamman.

Tarihi kuma bai ci amanarsa ba. Wani ya ɗauki hoto, yayar ta wanko shi babba, ta rataye a kan ƙusar nan. Duk mai kawo ɗinki sai ta nuna masa, bakinta har kunne: ga Hajiya, ga bel, ga Auta shuɗi shar, tsintsiya har yanzu a hannu. A ƙasa ta rubuta da allin tela: Mutum na farko da Hajiya ta ceto.